Ɗaure cinya don tsoka ta dawo: amsa ga mai jinyar gwiwa a Jidda

"Assalamu alaikum Dakta. Ni mazaunin Jidda ne, shekarata 29. Mako bakwai ke nan da aka yi mini tiyatar jijiyar gwiwa wadda ta tsinke a filin ƙwallo. Ciwon ya yi sauƙi alhamdulillahi, amma cinyar ta zube, in na jera ta da ta dama sai ka ce ba ta mutum ɗaya ba ce. A gidan ɗaga ƙarfen unguwarmu na ga samari suna ɗaure dantse da cinya da roba kafin su fara, suka ce haka tsoka ta fi saurin fitowa ko da ƙaramin nauyi ne. Har na sayi irin robar a intanet, amma yayata ta hana ni, ta ce jini zai daskare mini, ga shi kuma ni AS ne. Shin abin nan gaskiya ne ko yaudara? Yana da haɗari?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ni ba likitan tiyata ba ne, aikina gashi, wato mu ake miƙo wa mutum bayan an ɗinke shi, mu yi ta fama da gaɓar har ta koma bakin aiki. Gwiwar 'yan ƙwallon unguwa irin taka kuwa ba baƙuwata ba ce a nan yankin Makka.

Kana son ka san ko matse gaɓa yana fito da tsoka da gaske, kuma ko zai cuce ka. Abin gaskiya ne, ba yaudara ba, mu ma muna amfani da shi a sashen gashi. Sai dai abin da muke yi da abin da samarin unguwarku suke yi, suna ne kawai ya haɗa su. Yayarka ta kyauta da ta hana ka, ko da yake dalilin da ta kawo ba shi ne ya fi damuna ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne haruffa biyun nan da ka jefa a ƙarshe kamar ba komai ba, AS. Zan zo kansu.

Daga ina abin ya fito

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa Harami ranar Juma'a, ya lanƙwashe ƙafa a zaman tahiya har liman ya hau mumbari, ya san yadda sharaɓa take yin tsami ta cika tam. Irin wannan zaman ne ya haifi wannan dabara. A shekarar 1966 wani saurayi ɗan Japan mai suna Yoshiaki Sato, mai sha'awar ɗaga ƙarfe, ya daɗe a durƙushe wajen wata addu'ar mamaci ta mabiya addinin Buda, sai ya lura cewa yadda sharaɓarsa ta cika ya yi kama da yadda take yi bayan atisaye mai tsanani. Ya shiga gwaji a jikinsa da igiyoyi da robobi. Shi da kansa ya ba da labarin cewa a farkon gwajin sai da aka kwantar da shi asibiti, saboda gudan jini ya toshe masa jijiyar huhu. Ka riƙe wannan, domin masu tallar roba ba sa faɗarsa. A 1973 ya karye a wasan zamiya kan ƙanƙara, ya yi amfani da dabarar yana cikin filasta, ƙafar ba ta rame yadda aka zata ba. Ya sa wa tsarin suna KAATSU, wato ƙarin matsi da harshensu. Daga baya sojojin Amurka suka ɗauke shi a cibiyar jinyarsu da ke San Antoniyo, don sojojin da bam ya lalata wa ƙafa ba sa iya ɗaukar nauyi, sannan ya bazu zuwa ƙungiyoyin wasanni. Turawa suna kiran dabarar BFR a taƙaice, wato rage gudanar jini.

Abin da ke faruwa a cikin cinyar

Hausa tana ɗan wahalar da mu a nan, don kalmar jijiya ɗaya muke kiran abu huɗu ko biyar da ita: wadda ta tsinke maka a gwiwa jijiya ce, mai kai jini jijiya ce, mai dawo da shi jijiya ce, mai kai saƙon ji da motsi ita ma jijiya ce. To ka bambanta biyu daga ciki. Akwai mai kai jini daga zuciya zuwa ƙafa, tana can ciki, bangonta da kauri, jinin cikinta da ƙarfi yake tafiya. Akwai mai dawo da jini, bangonta siriri, matsi kaɗan ke rufe ta. Manufar ɗaurin ita ce a rufe hanyar dawowa, a rage hanyar shiga ba tare da an toshe ta ba. Jini yana shiga kaɗan-kaɗan, fita ta yi wuya, iskar oksijin ta yi ƙaranci a tsokar, dattin aikin da jini ya saba kwashewa ya taru.

Me ya sa wannan zai gina tsoka? A ƙa'ida, tsoka tana girma sosai ne in an ɗora mata nauyi mai yawa, wajen kashi 70 cikin 100 na abin da mutum zai iya ɗagawa sau ɗaya tak ya kasa na biyu. Dalili kuwa, zaruruwan tsoka kamar 'yan dako suke a hannun shugabansu. In kaya marasa nauyi ne, ƙananan yara masu juriya yake turawa, majiya ƙarfin suna zaune a inuwa. Ba ya tashe su sai kaya sun yi nauyi, alhali su ne suka fi saurin yin ƙiba in sun yi aiki. Da aka rage iska, yaran nan sai su gaji da wuri, dole a taso majiya ƙarfin ko da kayan ba su kai a kira su ba. Shi ke nan sirrin: an yaudari tsoka ta yi aikin babban nauyi da ƙaramin nauyi. Wanda ƙarfin ƙafarsa kilo 50 ne, maimakon ya tura kilo 35, kilo 10 zuwa 15 ya ishe shi. Ga gwiwar da aka yi wa ɗinki, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Za ka ji ana ta zancen sinadarin girma. Asalin zancen wani bincike ne na Takarada da abokansa a Japan a shekarar 2000, inda suka ga sinadarin ya haura ninki 290 a jini bayan atisaye da ɗauri. Adadin yana da daɗin faɗa a talla, amma binciken da ya biyo baya ya nuna hawan sinadarin na ɗan lokaci ba shi ne ke gina tsokar ba. Gajiyar da ta taso majiya ƙarfin nan ita ce gindin abin, sai kumburar ƙwayoyin tsoka da saƙon haɗa furotin da yake tashi a cikinsu.

Wanda ya fi shafar ka shi ne wani binciken nasu na shekarar 2000 ɗin, a kan mutanen da aka yi wa irin tiyatarka. Tsakanin kwana na 3 da na 14 bayan aiki, tsokar gaban cinya ta ragu da kusan kashi 21 cikin 100 a waɗanda ba a ɗaure ba, ta ragu da kusan kashi 9 a waɗanda aka ɗaure. Ka ga zubewar da ta firgita ka ba kai kaɗai ba ne, haka cinya take yi, kuma kumburin gwiwa kansa yana hana ƙwaƙwalwa tayar da tsokar yadda ya kamata. A 2019 kuma an yi wani gwaji a Ingila na mako 8 a kan masu irin wannan tiyata: rukuni ɗaya na tura kashi 30 da ɗauri, ɗaya na tura kashi 70 babu ɗauri. Tsoka da ƙarfi sun ƙaru kusan daidai, amma masu ɗauri sun fi samun sauƙin ciwo da kumburi. In aka haɗa bincike da yawa a kan masu lafiya kuwa, girman tsoka yakan zo kusan ɗaya, amma wajen ƙarfi babban nauyi ne a gaba. Shi ya sa nake ɗaukar dabarar a matsayin kwale-kwalen tsallake rafi. Da gwiwa ta iya ɗaukar nauyi, sai a sauka a ci gaba da tafiya a ƙasa. Mai lafiyar gaɓoɓi da yake iya ɗaga ƙarfe sosai, irin samarin da ka gani, a ganina wahalar banza suke sha.

Matsin, ba a nan ake yin kirdado ba

Abin da muke amfani da shi ba roba ba ce. Maɗauri ne mai faɗi da ake hura wa iska, ɗan'uwan na awon hawan jini, da agogon da ke nuna matsin. Kafin a fara, sai mu ɗora 'yar na'urar sauraron bugun jini a idon sawu, mu yi ta hura iska har bugun ya ɗauke. Wannan adadin shi ne matsin da ke toshe jinin wannan mutumin, a wannan ƙafar, da wannan maɗaurin. Sai mu sauke, mu yi aiki da wani kaso daga cikinsa. Jagorar da gungun masana suka fitar a 2019 ta ce kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na wancan adadi, da nauyi kashi 20 zuwa 40 na abin da mutum zai iya ɗagawa sau ɗaya tak, a maimaita motsin sau 30, sai 15 har sau uku, da hutun daƙiƙa 30 zuwa 60 a tsakani, sau biyu ko uku a mako, kuma ɗaurin kada ya wuce minti 5 zuwa 10 a kowane atisaye ba a saki ba. A hannu ana tsayawa ƙasa-ƙasa, a ƙafa ne ake hawa sama.

Adadin matsin da ke toshe jinin nan yana canzawa da kaurin cinya, da faɗin maɗauri, har da ko mutum a kwance yake ko a tsaye. Siririn maɗauri yana bukatar matsi mai yawa kafin ya yi aiki, kuma duk matsin a layi ɗaya yake sauka, kan jijiyar ji da ke ƙarƙashinsa. Taka cinyar da ta zube, matsin da zai yi wa abokinka mai kauri daidai, kai zai iya toshe maka jini gaba ɗaya. Masu sayar da roba sukan ce ka matse har ka ji ya kai bakwai cikin goma. Na sha gwada wannan da marasa lafiya don in nuna musu: mutum ɗaya, yau bakwai ɗinsa daban, jibi daban, in ka auna da na'ura. Wurin ɗaurin ma biyu ne kawai, can saman cinya kusa da matsematsi, ko saman dantse kusa da hamata. Ba a ɗaure ƙasan gwiwa. Akwai jijiyar motsi da take ratsawa ta gefen waje a nan, dab da fata, in aka danne ta sai tafin ƙafa ya riƙa faɗuwa mutum yana jan sa.

Haɗarin

Mu fara da tsoron yayarka. A 2006 an tattara bayanai daga cibiyoyi 105 a Japan, mutum 12,642 da suka yi KAATSU. Gudan jini a jijiya ya samu kashi 0.055 cikin 100, wato mutum bakwai, toshewar jijiyar huhu kashi 0.008, narkewar tsoka ita ma 0.008. Abin da ya fi yawa shi ne kwanciyar jini a ƙarƙashin fata, kashi 13, sai sagewar gaɓa ta ɗan lokaci. Gwaje-gwajen jini a kan masu lafiya ma ba su nuna cewa ɗauri na 'yan mintuna yana tayar da daskarewa ba. Saboda haka ga mai lafiya, a hannun wanda ya iya, haɗarin kaɗan ne. Amma ka lura da sharuɗɗan biyu. Kai kuma ba ka cika na farko ba tukuna, don wanda aka yi wa tiyatar ƙafa yana cikin makonnin da jini ya fi saurin daskarewa ko babu ɗauri. Haka wanda ya taɓa yin gudan jini, da mai ciki ko mai jego, da mai ciwon daji, da wanda bai daɗe da sauka daga doguwar tafiyar jirgi ba. Alamomin gudan jini: sharaɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi da ciwo, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya da ciwon ƙirji. Wannan na ƙarshen ba na jiran safiya ba ne, 997 za a kira, lambar motar asibiti ta gaggawa a Saudiyya.

Na biyu hawan jini. Dattin da ya taru a tsoka yana aika wa ƙwaƙwalwa saƙo cewa iska ta yi kaɗan, ita kuma sai ta ƙara bugun zuciya ta matse jijiyoyi, jini ya hau fiye da yadda ƙaramin nauyin zai sa. Tun 2015 wasu masana aikin zuciya suka ja hankali a kan haka, musamman ga masu hawan jini da ciwon zuciya da masu toshewar jijiyoyin ƙafa, don su wannan martani nasu ya fi tsanani. Nakan auna jinin kowa kafin in ɗaura, kuma mai ciwon sugan da ya fara rasa ji a ƙafa ba na ɗaura masa. Wani lokaci kuma akasin haka ne, da an saki iskar jini ya zuba ƙafa, jiri ya kwashi mutum. Ya taɓa faruwa a hannuna da wani dattijo da nake shirya wa ƙafa don ɗawafi da sa'ayi: na saki maɗaurin na bar shi ya miƙe nan take, da ƙyar na tare shi. Laifina ne. Tun ranar, sai mutum ya zauna minti biyu kafin in bar shi ya tashi.

Na uku narkewar tsoka, wanda shi ne na fi gani daga gidajen ɗaga ƙarfe. Saurayi ya ɗaure tamau ranar farko, abokai suna zuga shi, ya yi ta yi har ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Bayan kwana ɗaya ko biyu cinya ta kumbura, ciwon ya wuce na tsamin jiki, fitsari ya koma kalar baƙin shayi. Abin da ya fashe daga tsokar ne yake bi ta ƙoda, kuma yana iya tsayar da ita. Wanda ya ga haka asibiti zai nufa a ranar.

Maganar AS

Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, kuma a nan Saudiyya ma abin sananne ne a gabashin ƙasar da yankin Jizan, shi ya sa tun 2004 aka wajabta gwajin jini kafin aure. An saba gaya mana cewa AS ba ciwo ba ne, sai dai a kula wajen zaɓen mata ko miji. A rayuwar yau da kullum haka ne. Amma wajen kashi 40 cikin 100 na sinadarin jan jininka irin na sikila ne, kuma abubuwa huɗu ne suke sa ƙwayar jini ta lanƙwashe: ƙarancin iska, tsamin jini, ƙarancin ruwa a jiki, da zafi. To duba. Biyun farko su ne ainihin abin da ɗaurin yake haifarwa da gangan a cikin cinya. Biyun ƙarshe kuma Jidda ta tanadar maka su kyauta, da gumin nan nata da ba ya bushewa.

Akwai binciken da aka buga a 2016 a kan baƙaƙen sojojin Amurka kusan 48,000, wanda ya nuna masu AS sun fi sauran fuskantar narkewar tsoka wajen atisaye da kusan rabi. Wani binciken kuma ya nuna haɗarin toshewar jijiyar huhu ya kusa ninki biyu a wurinsu. Adadin Japan da na kawo maka a sama, mai kwantar da hankali, an tattara shi ne a ƙasar da sikila ba ta zama ruwan dare ba, don haka ba zan ɗauke shi in ɗora a kanka ba. Takardun tantancewa da yawa da masu gashi ke cikewa kafin fara wannan atisaye suna sa sikila cikin abubuwan da ake tsayawa a kansu. Mai SS ko SC, ban ɗaura masa, babu ciniki. Mai AS kuwa ra'ayin masu aikin ya rabu, wasu suna yi da sa ido, wasu suna ƙi. Ni ina cikin masu jan ƙafa. Kada garin neman gira a rasa ido, tunda cinya tana da wasu hanyoyin dawowa.

Abin da zan yi da kai ne a gabana

Ban ga gwiwarka ba, ban san irin jijiyar da aka dasa maka ba, ko an haɗa da ɗinkin guringuntsi, kuma waɗannan suna canza abin da aka yarda ka ɗauka a mako na bakwai. Wannan hukuncin likitan da ya yi aikin ne. Amma da ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, da na fara da sauke kumburin da tabbatar da cewa gwiwar tana miƙewa sarai, don muddin da ruwa a ciki tsokar ba za ta amsa kira ba. Sai matse tsokar gaban cinya kana zaune, ɗaga ƙafa a miƙe, keken motsa jiki, da tura nauyi da ƙafa ana ƙarawa sannu a hankali. Akwai kuma na'urar da ke tayar da tsoka da lantarki, wadda take da amfani sosai a daidai wannan mataki, kuma ba ruwanta da jininka. Da yawan masu irin tiyatarka da waɗannan kaɗai cinyarsu take cikowa, sai dai watanni take ɗauka ba makonni ba. Ƙwallo kuwa ka cire ta a rai kafin wata tara, don cikar cinya ba ita ce warkewar jijiyar da aka dasa ba.

In an yi duk wannan gwiwar ta ƙi yarda da nauyi, likitan tiyatarka da likitan jini kuma suka amince, to a yi ɗaurin a asibiti, a hannun mai lasisin Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta Saudiyya, da maɗaurin da ake aunawa. A fara da matsi mafi ƙanƙanta, a riƙa sakin iska tsakanin zagaye, a ɗaki mai sanyi, ka sha ruwa sosai tun kafin ka zo, kuma kada a kai ka ga gazawa. Ba da azumi a baki ba, ko na Litinin da Alhamis ne, kuma ba ranar da kake zazzaɓi ko gudawa ba. Zafin gajiya a tsoka dole ne, har ma ya fi yadda kake zato. Amma in yatsu suka sage, ko ƙafar ta yi sanyi ta koɗe, ko jiri ya zo, a saki nan take.

Ranar da za ka koma ganin mai gashinka, ka tafi da takardar gwajin jininka da robar da ka saya, ka faɗa masa kai AS ne tun kafin ya tambaya, don ba kowa ne yake tambaya ba. Ka sa ya auna kaurin cinyoyin biyu da tef a wuri ɗaya ya rubuta, bayan mako huɗu a sake aunawa. Ka gaida mini yayarka.